Takwarar da Ke Cikin Kaset

Sunanta na yanka Halimatus Sadiya, amma tun da ta yi wayo ba ta taɓa jin wani a gidansu ya kira ta da shi ba. Jidda ake ce mata. Babanta Rilwanu ba ya iya faɗin sunan, domin sunan mahaifiyarsa ne, Hajja Halima, wadda ke zaune tare da su a Gwandu. Mamanta Lauratu ma ba ta iya faɗa, domin sunan tata mahaifiyar ne, Inna Sadiya ta Kalgo. Tsofaffin biyu suna ɗaya gare su, sai dai kowace da rabin da aka saba kiran ta da shi. Kuma kowace ta haƙiƙance ita aka yi wa takwara.

Shekara ashirin da biyu ana tafiya a haka. In Hajja ta saya wa Jidda ɗan kunne da sallah, sai Inna ta aiko da awarwaro daga Kalgo, da saƙon a ba takwararta. In aka juya ga Rilwanu don ya raba gardama, sai ya tuna yau ne ranar ban ruwa a gonar albasa, ya ɗauki hula ya fice. Ita kuwa Jidda ba ta da baki. Yarinya ce mai kunya, ko gaisuwa sai mutum ya kasa kunne yake jin ta. Ƙannenta ma sun raina ta, suna kiran ta 'yar Kambaza, saboda a can aka haife ta. Za a kai Lauratu gida haihuwar fari, naƙuda ta kama ta a mota, aka tsaya a Kambaza, wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin hanya ta shigar da ita ɗakinta ta karɓi haihuwar. Daga nan aka juyo da su Gwandu.

Rigimar ba ta yi tsanani ba sai da aka sa ranar aurenta da Muzzammil, telan bakin kasuwa, wanda ya shekara biyu yana zuwa zance tana amsa masa da kai. Saura mako uku biki, Inna ta bugo waya. Lauratu tana tankaɗe, sai ta saki muryar a fili, ba ta lura Hajja na zaune a gindin darbejiya tana gyaran zogale ba.

"Ki hwaɗa masu na sayi lallena," in ji Inna. "Ni zan sa wa takwarata da hannuna."

Hajja ta ajiye faifai. "Wace takwarar? Sadiya, ke da wa?"

"A'a, Halima, ashe kina kusa. Ina kwana?"

"Lahiya lau. Lalle kuwa na riga na daka shi tun jiya. Ɗiyar nan sunana ta ci, ubanta ya hwaɗa min da bakinsa ranar suna."

"Ni ma da bakin nasa ya hwaɗa min, har da durƙuso!"

Kafin garin Lauratu ya gama sauka a kwano, magana ta kai inda ba a so. Inna ta rantse in wata ta sa wa Jidda lalle ba ita ba, ƙafarta ba za ta taka Gwandu ba. Hajja ta ce in aka ba wata, ita za ta rufe ɗakinta har a watse, ko guɗa ba za ta saurara ba. Jidda tana bakin murhu tana jin su, hayaƙi ya ba ta dalilin share ido. Ita ba ta damu da ko sunan wa ta ci ba. So take ranar da za ta bar gida ta ga su duka biyu.

Da azahar, bayan Hajja ta shiga ta kishingiɗa, Lauratu ta yafuto ta zuwa ɗaki. Ta buɗe wata tsohuwar kwalla da ke can ƙasan jere, ta zaro wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Kaset ne baƙi, mai faɗi kamar allon yara ƙanana, da farar takarda a gefensa da ta koma ruwan ƙasa. An rubuta da biro: Sunan gidan Rilwanu, Gwandu.

"Ranar sunanki ke nan," in ji Lauratu. "Mun kalle shi ya fi sau ashirin kina goye. Amma duk sanda aka zo wurin maza a ƙofar gida, sai babanki ya danna ya wuce, wai ba abin kallo, mutane ne kawai suna cin goro. Da Hajja ta nace sai ta ga wurin, washegari ya ce bidiyo ya mutu."

"Mama, ke ba ki san wa aka yi wa takwara ba?"

"Ni ce mini ya yi ta Kalgo aka yi wa. Da kunnena kuma na ji ya gaya wa Hajja ita ce. Tun daga nan na daina tambaya."

Bidiyon yana kan durowa a ɗakin Rilwanu, an lulluɓe shi da wani mayafin saƙa da Lauratu ta yi da ulu tun tana amarya. Suka sauko da shi su biyu. Nauyi gare shi kamar dutsen niƙa. Lauratu ta ce mutum ɗaya ta sani da zai iya tashinsa, Malam Nasiru mai gyaran rediyo na Kalgo, wanda shi ne ma ya ɗauki hoton sunan da kyamararsa. Ta nemo lambarsa a wurin wata ƙawarta, ta miƙa wa Jidda wayar.

Jidda ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta cikin kalmomi kaɗan.

"Bidiyo mai kaset?" Muryarsa ta tashi kamar an yi masa albishir. "Shekara nawa a ajiye? Ashirin? To ai dole sai an wanke masa kai. Ki kawo shi jibi."

Ta so ta tambaye shi wane irin wanki, kunya ta hana ta. Sai ta ce to. Da ta ajiye waya ta duba bidiyon, ta ga lallai samansa ya yi ƙura duk da mayafin. Ta samo soso da sabulu mai ƙamshi, ta matse ruwan sosai don kar ya shiga ciki, ta wanke saman tas, ta goge da tsumma, ta shanya shi a inuwa. Da ya bushe ta ɗan shafa masa man zaitun, sai ga shi yana ƙyalli.

Ranar da za ta tafi, aka ce wa Rilwanu za ta je Kalgo gwajin ɗinki. Aka sa bidiyon a cikin babbar jaka, aka rufe da zannuwa. A mota ta ɗora shi a cinya har Birnin Kebbi, ta hana a sa shi a but. Da suka wuce Kambaza ta leƙa ta taga, kamar yadda take yi kullum, ko da yake ba ta san wane ɗaki ba ne, kuma an ce tsohuwar ta daɗe da rasuwa. Daga Birnin Kebbi ta canza mota zuwa Kalgo.

Shagon Malam Nasiru ɗan ƙarami ne, a bayan masu sayar da kifi. Gaba duk cajar waya ne da fitilun sola, amma can ciki an jera tsofaffin bidiyo bisa juna har rufi. Shi kansa dattijo ne siriri, da tabarau ɗaure da zare.

"Ke ce jikar Sadiya? Sannu da hanya. Ajiye shi nan." Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya tsaya ya shinshina. "Wannan ƙamshin fa?"

"Ka ce a wanke masa kai, Baba. Na wanke."

"Da me?"

"Da sabulu. Na ɗan shafa masa mai."

Malam Nasiru ya zauna a kan benci ya yi dariya har tabarau ya zame masa. Jidda ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Kar ki ji kunya, 'yata," ya ce yana share hawaye. "Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin wanda aka kawo mini da gyaran amare ba. Saura kitso kawai. Zo ki ga kan nasa."

Ya kwance murfin da sukundireba, ya nuna mata wani ƙarfe mai sheƙi, zagayayye kamar murfin ƙaramar tukunya, a ɗan karkace. Ya ce wannan shi ne kai, a jikinsa zaren kaset yake zagayawa, in ya yi datti sai hoto ya koma yayyafi. Ya jiƙa farar takarda da sifirit, ya dafa a hankali yana juya shi da yatsa. Takardar ta fito baƙa.

Yana aiki yana ba ta labari, ko da yake ba ta tambaye shi ba. Ya ce lokacin da bidiyo ya fara shigowa Kalgo, gidan da ke da shi ba ya rabuwa da baƙi. Mata su gama tuwo da wuri su taho da tabarminsu. In kaset ya ƙare sai an zauna an jira ya tariyo baya, yana gurnani kamar injin markaɗe, ba mai tashi. In bidiyo ya ci zare, maigida ya sa biro yana naɗewa, kowa ya yi tsit kamar ana yi wa mutum ɗori. Ya ce shi ya ɗauki suna da biki sun fi ɗari biyu tsakanin Dangoma da Dalijan, da kyamara a kafaɗa mai nauyin buhun gero, har yau kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka.

"Yanzu kowa da waya, a ɗauka yau a goge gobe. Wancan kuwa guda ɗaya ne tak a duniya. Shi ya sa ake naɗe shi a ɗankwali."

Ya jona wuta ya danna, bidiyon bai motsa ba. Ya leƙa can gefe da tocila, sai ya ɗago yana murmushi.

"Wa ya ce miki ya mutu?"

"Babana."

"To lafiyarsa ƙalau. Fiyus aka zare masa. Ga gurbin nan wayam, kuma ba da kansa ya fita ba."

Ya sa sabo, ya canza wata roba da ta saki. Fitilar gaba ta kawo kore. Ya karɓi kaset ɗin ya duba rubutun ya ce, "Hannuna ne wannan." Ya tura shi, bidiyon ya haɗiye da ƙara, ƙaramar talabijin ɗin da ke kan tebur ta yi yayyafi, sannan ta washe.

Ga ƙofar gidansu, lokacin ba a yi mata siminti ba. Maza zaune a kan tabarmi, rago ɗaure a jikin turke. Ga wani saurayi siriri da babbar riga da ta fi ƙarfinsa, yana ta gyara hula. Sai da ya yi murmushi ta gane babanta ne. Ya matsa kusa da liman ya durƙusa. Kyamarar ma ta matsa.

"Halimatus Sadiya, Malam."

"Madalla. Wa aka yi wa takwara, ta gida ko ta Kalgo?"

Saurayin ya waiga hagu da dama, bai waiga bayansa ba inda kyamara take. Ya rage murya, amma ta fito sarai.

"Ko ɗaya, Malam. Tsohuwar Kambaza ce, wadda ta karɓi haihuwar. Na tambayi sunanta a ranar, na yi alkawari a raina. Sai daga baya na tuna ashe duk suna ɗaya ne. Don Allah kar tsofaffin nan su ji."

Malam Nasiru ya danna ya tsayar. Ya dubi Jidda ta saman tabarau.

"Wallahi na manta da wannan. To fa."

Jidda ta zuba wa hoton da ya tsaya ido. Da ta taho, tsoronta shi ne kar ɗaya ta ci, ɗaya ta yi fushi. Yanzu ga shi duka biyun za su iya juya baya.

"In kina so," in ji shi a hankali, "bidiyo yana cin zare. Zan iya sa ya ci daidai wurin nan, in yanke in manne. Ba wanda zai zarge ki."

Jidda ta nuna talabijin da yatsa. Ta ce dai, "Baba, a ci gaba."

Hoton ya koma cikin gida. Mata cike da tsakar gida, ana buga ƙwarya. Sai ga Hajja da Inna a tsakiyar fili, atamfa iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, suna rawa suna riƙe da hannun juna. Hajja da yanzu sai da sanda take kaiwa bakin ƙofa, ga ta tana juyi har ɗankwalinta ya faɗi, Inna ta ɗauka ta ɗaura mata. Daga nan su biyun suka nufi wata 'yar tsohuwa baƙa, ƙarama, da ke zaune a gefe kusa da randa, tana ɓoye ƙafafunta marasa takalmi. Suka jawo ta tsakiya, suka ɗora mata jaririya a hannu, suka yi mata guɗa a ka. Tsohuwar ta rufe fuska da gefen zane, daidai yadda Jidda take yi.

Jidda ta daɗe tana kallon fuskar. Ba ta taɓa ganin ta ba sai yau.

"Kar a yanke komai, Baba," ta ce.

Ta kwana gidan Inna. Da safe ta tattara ƙarfin halinta ta ce mata an gyara bidiyo, kuma maganar takwara tana ciki. Inna ba ta bari ta ƙarasa ba, ta shiga ta ɗauko jaka da ƙullin lallenta.

"Tashi mu tahi. Yau Halima za ta ji da kunnenta."

Sun isa Gwandu bayan la'asar. Tsofaffin suka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowace tana tambayar ƙafar 'yar'uwarta da bayanta, ba wadda ta kalli wata. Jidda ta jona wayoyi uku a bayan talabijin yadda Malam Nasiru ya nuna mata, ja a ja, fari a fari, rawaya a rawaya. Aka tada janareta. Lauratu ta shimfiɗa tabarma a falo.

Ana cikin haka Rilwanu ya dawo daga gona. Ya yi sallama, ya ga surukarsa ya durƙusa, yana ɗagowa idonsa ya faɗa kan koriyar fitilar bidiyo. Ya tsaya da gaisuwa a baki.

"Wannan... ai ya mutu."

"An wanke masa kai, Baba," in ji Jidda, idonta a ƙasa.

"To, madalla. Bari in je, na bar injin ban ruwa a kunne."

"Rilwanu," in ji Hajja. "Zauna."

Ya zauna a bakin ƙofa, kusa da takalma.

Da hoto ya fito, ɗakin ya kaure. Hajja ta nuna marigayi mijinta yana raba goro, ta ce ga hular da ya ƙi rabuwa da ita har ta yage. Inna ta ga ƙaninta da gashi cike da kai, ta ce a kira shi a waya ya zo ya ga abin da ya rasa. Lauratu ta ga saurayin mai babbar riga, ta toshe baki. Sai saurayin ya durƙusa gaban liman. Hannun Rilwanu ya miƙa wajen bidiyon da kansa, kamar yadda ya saba, amma Jidda tana zaune a gabansa, ba ta matsa ba.

Maganar ta fito sarai, har da don Allah kar tsofaffin nan su ji.

Jidda ta danna ta tsayar.

"Mi ya ce?" in ji Inna. "Halima, kunnena ne ko kuwa?"

"Ba kunnenki ba ne. Tsofaffin nan ya ce. Mu ke nan. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin ko furfura ban fara ba."

"Ni ya durƙusa wa a bayan rumbu, ya ce Inna ke ce."

"Ni kuwa a ɗakina ya same ni, har da hawaye."

Suka juya tare suka dube shi. Rilwanu ya cire hula ya mayar.

"Hajja, ku gafarce ni. Matar nan ta cece su su biyu, ko sisi ta ƙi karɓa. Na so in faɗa, sai na ga kowacenku ta riga ta yi murna."

"Sai ka kashe bidiyo," in ji Lauratu daga gefe.

"Ban kashe shi ba. Fiyus kawai na ajiye masa."

Dariya ta so ƙwace wa Inna, ta danne. Ta jawo jakarta ta mayar da ƙullin lallen ciki.

"To shi ke nan. Tunda ba takwarata ba ce, mi ya kawo ni? Gobe da sahe in koma."

"Ni ma nawa lallen a ba maƙwabta," in ji Hajja, ta laluba sandarta.

Abin da Jidda ta kwana tana tsoro ke nan. Ta ji muryarta ta fita kafin ta gama shawara, kuma da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

"Ku tsaya. Ba a gama ba."

Kowa ya dube ta. Ta danna, hoto ya ci gaba. Ƙwarya ta ɗauka, mata biyu masu atamfa iri ɗaya suka shigo fili.

Hajja ta saki sandar. "La ilaha illallahu. Wacece waccan mai juyi?"

"Ke ce mana. Dubi ɗankwali ya hwaɗi. Ni na ɗaura miki."

"Atamfar nan ni na zaɓe ta a kasuwar Jega."

"Ke kin zaɓi kore, ni na ce a ɗauki wagga."

"Amma dai na fi ki rawa."

"Wa? Tariyo baya, Jidda, ta gani da idonta!"

Ba ta tariyo ba tukuna. Ta bari har aka zo inda suka jawo 'yar tsohuwar suka ɗora mata jaririya. Nan gardamar ta mutu. Inna ta matsa kusa da talabijin har goshinta ya kusa taɓa gilashin.

"Allah sarki. Baiwar Allah. Da ƙafa ta zo daga Kambaza ranar nan, da ƙwaryar fura a ka."

"Ko sunanta ba mu tambaya ba," in ji Hajja. "Muna ta ce mata mai fura." Sannan ta ce, "Allah ya jiƙanta." Duk aka amsa da amin.

Jidda ta taso ta durƙusa a tsakaninsu. Ta miƙa hannayenta biyu, ta ɗora ɗaya a cinyar Hajja, ɗaya a cinyar Inna.

"Wadda aka yi wa takwara ba ta nan. Ku kuka ɗora mata ni. Ga hannu biyu, ga ku ku biyu."

Tsofaffin suka dubi hannayen, suka dubi juna. Lauratu ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

"Yarinyar nan ashe tana magana," in ji Inna.

"Ni ma yau na ji." Hajja ta kama hannun da ke cinyarta ta juya shi. Sai ta ɗaure fuska. "Tsaya. Wannan ai hagu ne. Ni za a ba hagu a gidana?"

"Yo ni baƙuwa ce, dama tawa ce."

"Hajja ta ɗauki hannun dama da ƙafar hagu," in ji Jidda da sauri. "Inna ta ɗauki hannun hagu da ƙafar dama."

Inna ta lissafa da yatsu, ta ga ba a cuce ta ba. Ta sake zaro ƙullin lallen ta ajiye a kan tabarma. Hajja ta ce a haɗa da nata a kwaɓa a ƙwarya ɗaya, don kar a ce na wata ya fi kamawa. Daga nan suka yanke wa Rilwanu hukunci tare: gobe zai kai su Kambaza su nemi dangin tsohuwar, su kai masu goron gayyata, kuma shi zai yi bayani da bakinsa.

"Na yarda," in ji shi. "Yanzu in je in kashe inji?"

"Je ka. Amma ka bar fiyus inda yake."

Yana fita Inna ta gyara zama ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu kusa da na Hajja.

"To Jidda, mayar mana baya wurin rawar. A wannan karon a duba da kyau."

Jidda ta danna. Bidiyon ya fara gurnaninsa kamar injin markaɗe, yana ƙamshin sabulu, su kuma suka zauna suna jira.